Kalmar da Ɗan Kurmi Ya Zo da Ita

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar wake, sai na ji wata yarinya cikin masu haya a gidanmu ta ɗaga murya tana kiran ɗanta na fari. Da sunansa na yanka ta kira shi, har sau uku, ga mutane suna wucewa. Ya taho da gudu, ya faɗi, ya goge gwiwa. Ta sungume shi tana hura masa wurin, tana lallashi a gaban kowa. Wata tsohuwa da ta zo gaishe ni ta taɓe baki, ta ce kunya ta ƙare a duniya. Na ce mata haka ne, don ban so mu ja zance. Amma da ta tafi na kasa ci gaba da waken. Akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi, kuma duk waɗanda suka gani da idonsu sun kwanta dama, saura mu biyu.

A zamanin da nake faɗi, unguwarmu Bukoki, a nan Yamai, ba haka take ba. Bukkoki ne na gaske, na zana da kara, sai gidajen laka jefi-jefi. Ba a daɗe da sauke tutar Anasara an ɗora tamu ba, kuma maza ba su da hira sai ta wanda aka ba kujera da wanda aka hana. Mu mata ba da wannan muke gane lokaci ba, da sauti muke ganewa. Kafin gari ya gama wayewa sai ki ji taɓarya ta fara amsawa daga gida zuwa gida, kowace mace da irin dukanta, har nakan san wadda ta makara da wadda ta tashi da fushi. Daga nan ƴan ga-ruwa su biyo da garwa biyu a kafaɗa suna kira. Raƙuma su shigo daga wajen Tondibiya da itace, suna gurnani in an durƙusar da su. Matan Zabarmawa su hauro daga bakin gulbi da kifi a ƙwarya. Babu gada a lokacin, jirgin fito ne ke ƙetarar da mutane, kuma in iska ta juyo mukan ji ƙugin injinsa har cikin gida. Rediyo guda ne a layinmu. Yanzu kuwa ƙarar babura ta cinye komai, ko kiran salla sai an sa masa lasifika kafin ya ratso.

Daga Tawa aka kawo ni Yamai. Maigida komi ne a wani biro, wato ofishin gwamnati, mai rubutu da alƙalami, kullum da farar riga. Ni ke wanke ta, in sa mata bula, in goge da dutsen guga na gawayi, ina hura tokar don kada ta zuba. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni, don haka takardun da yake shigowa da su ban san cikinsu ba. Abin da na iya shi ne kallo. Nakan gane an ɓata masa rai a biro daga yadda ya jingine keke. Kuma ni mai fargaba ce tun asali. In tuwo ya yi gudaji sai in kwana ina tunanin abin da za a ce. Uwata takan ce mini, ido ƙasa, murya ƙasa, kada a ji ki kafin a gan ki. Da wannan na shigo birni, da shi na zauna.

Ɗiyata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka tarar. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a bainar jama'a, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi, wani ne zai ɗaga. In ana yabonsa, sai ta kau da kai kamar zancen ɗan wani gari ake. Mutane suna ce mata Lami don ran Alhamis ta zo. Ni kuwa "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take kirana, kamar ni yayarta ce. Duk wannan a waje ne. A ɗaki, in ta yi barci, nakan ɗauki ƙafarta in riƙe, ina ƙirga ƴan yatsun kamar wani zai ɓata.

Yarinya ce mai baki. Tana da shekara shida babu wanda bai san ta ba a layin. Zabarmanci ya fi Hausa zama a harshenta, don a gidan maƙwabciyata Bibata take yini. A tsaye take gaisuwa, ta kalli babba cikin ido, ta yi dariya har a ga dasashi. Ta tambayi mai ga-ruwa ko kafaɗarsa ba ta ciwo. Ta tambayi liman wa ya sa masa lalle a gemu. In na harare ta sai ta ce, "Yaya, wani abu ya faɗa miki a ido?" Wata rana wani babban ɗan kasuwa na Tawa, abokin mahaifin maigida, ya sauka a wurinmu. Mutum ne mai jiki. Yana shigowa ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, me ya sa cikinka ya riga ka shigowa?" Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ba ta dabino. Amma ya koma Tawa da labarin.

Ba a yi wata ba sai ga takarda ta hannun direban kamiyo, babbar motar kaya. Maigida ya karanta a tsakar gida, bai dube ni ba. Inna, wato mahaifiyarsa, ta sa an rubuta cewa tana nan tafe bayan an gama girbi. Ta ji birni yana ɓata mata jika. Za ta zo ta gani da idonta, in haka ne ta tafi da ita, ta riƙe ta a Tawa har aure. Haƙƙinta ne, kowa ya sani. Ɗan fari na kakanni ne in sun so, kuma an yi mini alfarma ma da aka bar mini ita shekara shida. Na ce, "To." Abin da ake cewa ke nan. Uwar da za ta buɗe baki ta ce tana son ɗiyarta ta fari a kusa da ita, ta zama abin zance har jikokinta. Na zaga bayan ɗaki kamar zan ɗebo itace, na durƙusa a can ni kaɗai. Tawa kwana biyu ce a kamiyo in hanya ta yi kyau, kuma ni tun da aka kawo ni sau ɗaya na koma.

A cikin kwanakin nan ne ƙanin maigida ya dawo daga Kurmi. Shekara tara ya yi can, tsakanin Kumasi da bakin teku. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da laima, da zanen da yake yafawa a kafaɗa ɗaya, duk layin suka sa masa Ɗan Kurmi. Ƙanin miji ne, don haka akwai wasa tsakaninmu, shi kaɗai ne namijin da nake iya ɗaga wa murya a gidan. Ya zo da wata kalma ta Ingilishi da yake daka wa yara. In sun cika shi da hayaniya sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Bihef." Nan take ka ga sun sandare. Har Lami, wadda ba ta jin harara ba ta jin tsawa, sai ta tsaya cak da baki buɗe. Na lura da wannan sau biyu, sau uku. Ran nan yana zaune yana gyaran laimarsa, ni ina tankaɗe, na ce masa:

"Kai Ɗan Kurmi, wannan abin da kake faɗa wa yara, zagi ne?"

"Matarmu, ke da aji biyu, ina ke ina Ingilishi?"

"Aji biyun nawa sun fi shekara taranka. Ka tafi da buhu ka dawo da laima."

"Laimar nan ta fi sadakinki tsada."

"To ka aure ta. Ni dai gaya mini."

Ya ajiye laimar. Ya ce wani malamin makaranta da suka yi haya gida ɗaya a Kumasi ne ya warware masa ita. Wai tsohuwar kalma ce, tushenta kalmarsu ta mallaka, ta riƙe abu a hannu. Aka ɗora mata wani ɗan guntu a gaba, sai ta koma mutum ya riƙe kansa da kansa. Wai da can ba ruwanta da kyau ko muni, tana nufin yadda mutum ke ɗauke da kansa cikin mutane ne kawai, ko sarki ana iya faɗin yadda ya yi ta. Daga baya ne ta gangaro ta zama abin da ake daka wa yara da barori, a ce su natsu.

Na ce, "Ashe kama kanka ce kawai. Mu ma ai muna da ita."

"Ita ce."

"To me ya sa in na ce mata kama kanki ba ta ji?"

"Don ta san taki. Ta san inda ta fara, ta san inda ta ƙare. Wannan ba ta san iyakarta ba, sai ta ɗauka har numfashi an hana."

Sannan ya ce matar Baturen da ya yi wa kuku da murya ɗaya take faɗa masa ita da karenta. Karen ya kwanta, shi ya miƙe tsaye. Bai yi dariya ba da ya faɗi haka. Ni kuwa ban tsaya a kan wannan ba. Abin da nake nema na riga na ji: akwai kalmar da ke tsayar da yarinyar nan, kuma saura mako uku Inna ta iso.

Da wasa na fara. In maigida ya tafi biro sai in shimfiɗa tabarma, in zaunar da ita, ƙafa a lanƙwashe gefe guda, hannu a cinya, ido ƙasa. In faɗi kalmar, ita kuma ta sandare. Da farko gwargwadon in wanke ƙwarya biyu take yi ta fashe da dariya. Daga baya ta kai har ruwan tuwo ya tafasa. In ta ci, in ba ta ƙuli-ƙuli. Ƙuda ya sauka a leɓenta ta bar shi, tururuwa ta hau mata ƙafa ta daure, sai in ce, "An gama," ta tashi tana tsalle tana ba Bibata labari ta kan zana. Da a nan na tsaya da babu komai. Amma kwanaki suna matsowa, fargabata tana ƙaruwa, ita kuma har yanzu wasa ta ɗauke shi. Ana jibi Inna za ta zo na kama ta a kafaɗa biyu, na durƙusa daidai fuskarta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata, in Kaka ta zo, na faɗi kalmar nan, kika motsa ko kika yi magana kafin in ce an gama, za a sa ki a kamiyo a kai ki Tawa, kuma ba za ki ƙara ganina ba. Ta dube ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Wannan ne karo na farko da na faɗa mata magana ba ta mayar da tambaya ba, kuma ni a lokacin daɗi na ji.

Inna ta iso da buhun gero da tulun man shanu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta dubi abu sai ka ji kamar ta auna shi. Kashegari da la'asar matan Tawa mazauna Yamai suka cika gidan don gaishe ta, matan ƴan kasuwa da matan ma'aikata, kowa da mayafinta na fita. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, na zuba garwashi a kasko na sa turaren wuta don baƙi. Na yi wa Lami wanka, na ɗaura mata sabon zane har idon sawu, na zaunar da ita kusa da kakarta. Da na sunkuya kamar ina gyara tabarma, na raɗa mata kalmar. Ta lanƙwashe ƙafa, ta sa ido ƙasa. Na koma can gefen murhu ina dama fura.

Komai ya tafi yadda nake so. Tun kafin in zaunar da ita ta gaida kowa a durƙushe. Wata ta tsokane ta ta ce, "Ina mai bakin nan da ake faɗi? Ko an canza ta a kasuwa?" Aka yi dariya, ita ko gezau. Inna tana satar kallonta ta gefen ido. Can wata baƙuwa ta zo zama, wuri ya yi kaɗan, sai ta tura kaskon turaren da ƙafa don ta samu fili. Na ga kaskon ya ɗan karkata ya koma daidai. Ban ga abin da ya faɗo ba.

Abin da na gani shi ne yarinyar nan. Na ce muku kallo ne abin da na iya. Na ga yatsun hannunta sun shige cikin cinyarta. Na ga gumi ya tsattsafo mata a kan hanci, alhali akwai inuwa. Sannan ta yi abin da na hana ta, ta ɗago ido, ta nemo ni ta tsakanin kafaɗun mata, ta kafe ni da shi. Jikina ya ba ni akwai abu. Zuciyata ta ce tashi. Amma tsakanina da ita akwai mata sun fi goma, da uwar mijina a tsakiya. In ratsa su, in sunkuya a kan ɗiyata ta fari, in ce me ya same ki, a gaban Inna? Da kafin magariba labarin ya gama Bukoki, kafin mako ya kai Tawa. Na ce wa kaina fitsari ne ya matse ta, ta daure kaɗan. Na haɗe fuska, na motsa leɓe ba sauti, na maimaita mata kalmar. Ta mayar da ido ƙasa. Ni kuma na mayar da nawa kan ƙwarya, na ci gaba da dama fura.

Ban san tsawon lokacin ba. Na sha auna shi a raina, wani lokaci ya zama gajere, wani lokaci ya yi tsawon da ba na iya ɗauka. Ƙamshin turare ya rufe ƙaurin. Bibata ce ta shigo da kwanon kopto, kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, za ta ba baƙi, ta tsaya tana shinshina, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Zane na wani yana ci wuta." Kowa ta hau duba nata. Bibata ba ta da kunyar kowa a gidan, ta miƙa hannu ta ɗaga Lami cak. Garwashi guda ne, bai fi ƙwallon dabino ba. Ya gangara ƙarƙashin gefen zanenta, ya huda zanen, ya huda tabarma, ya zauna a jikin ƙafarta, sama kaɗan da idon sawu. Wurin ya yi fari, gefensa baƙi.

Mata suka ɗauki salati. Wata ta ce a fasa ƙwai, wata ta ce man shanu, wata ta ce a kawo gishiri. Ni ina tsaye da ludayi a hannu. Ko a lokacin ban matsa ba. Ɗan Kurmi ne ya ji hayaniya ya faɗo daga zaure, ya karɓe ta daga hannun Bibata, ya ɗora ta a keken yayansa ya nufi gidan likita. Na ajiye ludayin, na ɗauki mayafi, na ce wa Inna zan je in ga ko suna bukatar wani abu. Na fita a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, har na sha kwanar layinmu. Daga nan na cire takalma na riƙe a hannu na yi gudu.

Na tarar an ɗora ta a kan tebur. Likitan wani dattijo ne mai tabarau, yana wanke wurin da wani ruwa, yana cire zaren zanen da ya manne da ɗan ƙarfe. Ɗan Kurmi ya juya baya, ya kasa kallo. Ita kuwa tana zaune, hannu a cinya, jikinta duka yana rawa, amma bakinta a rufe. Likitan ya dakata ya dube ta ta saman tabarau.

"Ɗiyata, yi kuka mana. Nan gidan kuka ne, manya ma suna yi. Jiya wani soja ya cika mana ɗaki da ihu a kan allura."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ina bakin ƙofa ina haki. Ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Yaya, an gama?"

Na ce an gama. Na ce an gama, yi kukanki. Ta ja numfashi sau biyu kamar mai neman inda ta ajiye shi, amma bai zo ba. Har aka naɗe ƙafar muka fito bai zo ba. A hanya Ɗan Kurmi yana tura keken, ita tana kai, ya tambaye ni abin da na gaya mata. Na faɗa masa duka, har zancen kamiyo. Bai zage ni ba, bai yi mini wasa ba. Ya ce, "Matarmu, da na sani da a teku na jefa kalmar nan kafin in taho." Daga ranar ban ƙara jin kalmar a bakinsa ba, har ya koma Kurmi, inda ya rasu.

Na tabbata an gama da ni. Uwar da ɗiyarta ta ƙone a gabanta, wa zai bar mata riƙo? Kwana uku ina jira, ina haɗa ƴan kayanta a ɓoye don kada a tashi tafiya a rasa abin sa mata. Ranar da Inna za ta koma ta kira ni ɗaki, ga maigida zaune a gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce da irin maganarsu ta Tawa:

"Ƙarya anka yi wa ɗiyar ga. Wadda wuta ta ci ba ta ce uffan ba gaban manya, wagga ta samu horo. Ko cikin gidanmu ban ga irinta ba." Ta ɗan juyo gare ni. "Ke ko, na ga inda kinka tsaya. Wata da ta zabura ta ba mu kunya. Uwarki ta yi aiki. Na bar miki ita."

Na yi godiya. Maigida ya yi murmushi, ranar har da tsire ya shigo. Labari ya bazu, amma ba irin wanda na ji tsoro ba. Mata suka riƙa kawo ƴaƴansu suna nuna musu Lami, suna cewa ku ga yarinyar kirki. Wasu suka zo suna tambayata yadda na yi, har da masu son in koya musu kalmar. Nakan ce na manta ta.

Na samu abin da na nema, ta zauna a wurina har aka kai ta ɗakin miji. Ƙafar ta warke cikin wata biyu, ta bar tabo kamar bakin ƙaramin ludayi. Amma mai ga-ruwa bai ƙara samun mai tambayarsa kafaɗa ba. Ta daina leƙa gidan Bibata sai an aike ta. Da aka sa ta lakwal, duk ƙarshen shekara mushe, wato malaminsu, sai ya aiko a gaya wa ubanta babu mai natsuwarta a aji. In zazzaɓi ya kama ta sai dai in gane daga tafiyarta. Haƙori ya ruɓe mata tana da shekara goma, sai da kumatu ya kumbura na sani. Na gwada, Allah ya sani na gwada. In mun keɓe a ɗaki nakan ce, ke, in wani abu yana miki ciwo ki faɗa. Ta ce to, Yaya. Ƙannenta biyar da suka biyo baya sun yi ta ihu da rashin ji yadda suka ga dama, ban taɓa zaunar da ɗayansu a tabarma ba, har maigida yana cewa na sangarta su. Su ne yau suke shigowa su kwanta a gadona su ce kansu na ciwo, da furfurarsu.

In na ji tsofaffi irina suna cewa da can akwai tarbiyya, ba na musu. Akwai. Yaro ba ya ratsa manya, ba ya miƙa hannun hagu, ba ya cin abinci yana surutu, kuma gari ya fi daɗin zama. Ni ma ina kewar wannan. Sai dai na san abin da aka biya a gidana, kuma ba ni ce na biya ba.

Yanzu ita ma ta yi jikoki, tana unguwar Talaje a gidan da mijinta ya bar mata. Bara aka yi mata aiki a ciki, aka cire wani ƙari da ashe ta shekara biyu tana ɗauke da shi. Ban sani ba. Sai bayan an sallame ta da kwana tara matar ɗanta ta yi suɓul da baka a wurin wani suna. Na sa aka ɗauko mini taksi a ranar. Na same ta kwance, ta rame har na ga ƙashin wuyanta. Tana ganina ta yunƙura za ta sauko ta gaishe ni, na danne ta. Na zauna a bakin gadon. Jikokinta suna ta shige da fice, ban damu da wanda ke kallo ba, na ɗora hannu a goshinta.

Na ce, "Me ya sa ba ki aiko an gaya mini ba?"

"Ai ba wani abu ba ne, Yaya. Kada a tayar miki da hankali."

"Yana ciwo?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai ta ce, "Da sauƙi."

Na ce mata ni dai ba inda za ni, a nan zan zauna har ta miƙe. Ta ce ta gode, Allah ya saka da alheri. Sannan ta kira matar ɗanta, ta ce a share ɗakin baƙi a kai mini kayana can.